Kafin a ce kogi ya samu tawaya: yadda ake binciken ingancin ruwa mataki-mataki

Sa sunan kogi a jerin ruwayen da suka samu tawaya, wato waɗanda suka kasa cika mizanin ingancin da doka ta sa musu, ba maganar fatar baki ba ce. Hukunci ne na hukuma, kuma akwai abin da ke biyo bayansa. A Amurka, sashe na 303(d) na Dokar Tsaftataccen Ruwa ta 1972 ya ɗora wa kowace jiha nauyin fitar da irin wannan jeri. Ana miƙa shi ga Hukumar Kare Muhalli ta tarayya, wato EPA, duk bayan shekara biyu, ranar 1 ga Afrilu, a shekaru irin su 2022 da 2024. Da zarar sunan kogi ya shiga, sai an yi masa lissafin da ake kira TMDL, wato iyakar gurɓataccen abin da kogin zai iya ɗauka a rana ba tare da ya karya mizani ba, sannan a raba wannan adadi tsakanin masana'antu, matatun ruwan ƙazanta, gonaki da magudanan gari. Daga nan sharuɗɗan lasisin zuba ruwa a kogi kan tsananta, kuɗi kan fita, lauyoyi kan shigo.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da tsada. In aka sa lafiyayyen kogi cikin masu tawaya, za a kashe shekaru da dukiya ana maganin cutar da babu, alhali wani kogin da ke mutuwa yana can yana jiran layi. In kuma aka wanke wanda ya gurɓace, jama'a za su ci gaba da wanka da kamun kifi a cikinsa da sa hannun hukuma. A 2001 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta yi nazarin tsarin, ta ba da shawarar a riƙa yin jeri biyu: na ruwayen da ake zargi, da na waɗanda aka tabbatar. Abin da ke tsakanin zargi da tabbaci shi ne aikin da za mu bi a nan. Ƙa'idojin da zan kawo na Amurka ne, amma aikin bakin kogi iri ɗaya ne ko'ina.

Mataki na 1: Tantance aikin kogin, sannan ka yanka shi

Tawaya na nufin kogi ya kasa yin aikin da doka ta ce nasa ne. Saboda haka abu na farko da za ka buɗe littafin mizanin ingancin ruwa na jihar ne, ba akwatin kayan gwaji ba. A ciki za ka ga amfanin da aka ware wa kowane ruwa: rayuwar kifi da sauran halittun ruwa, wanka da ninkaya, samar da ruwan sha, cin kifin da aka kama a ciki, ban ruwa. Kowane amfani yana da nasa mizani. Wasu lambobi ne, kamar a ce pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 9.0 domin halittun ruwa. Wasu kuma jimla ce kawai, kamar a ce kada a ga mai yana yawo a sama, ko kumfa, ko wari mai tayar da hankali. Ruwan da ya isa ban ruwa zai iya faɗuwa a mizanin ninkaya, kuma kogin da aka ware wa kifin ruwan sanyi yana buƙatar oksijin fiye da na kifin ruwan ɗumi. Wanda bai san amfanin ba, ko ya auna abu ɗari bai san da me zai kwatanta ba.

Sai yanka. Ba a yi wa kogi mai tsawon kilomita ɗari uku hukunci guda. Ana raba shi yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa, kuma ana sa iyaka ne a inda yanayin ruwan zai iya canzawa: mahaɗar babban rafi, madatsar ruwa, bakin bututun masana'anta, ko inda daji ya ƙare gonaki suka fara. Yanki in ya yi tsawo da yawa, samfur ɗaya daga ƙarƙashin gada zai shafa wa wuraren da ba su ji ba ba su gani ba kashin kaji. In ya yi gajarta da yawa, ba za ka taɓa samun isassun samfura a kowanne ba.

Mataki na 2: Rubuta ƙa'idar hukunci tun ba ka ga sakamako ba

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutum in ya riga ya ga lambobi, zuciyarsa za ta karkata zuwa ƙa'idar da za ta ba shi amsar da yake so, ko da bai yi nufin maguɗi ba. Mai son a sa kogin a jeri zai ce samfur biyu sun isa. Mai masana'anta zai ce sai hamsin. Maganin gardamar shi ne a rubuta hanyar tantancewa tun farko, a buga ta, kowa ya gani.

Takardar ta amsa waɗannan tambayoyi dalla-dalla. Samfur nawa ne mafi ƙaranci ga kowane abin da za a auna? A cikin wane tsawon lokaci, kuma dole ne su ratsa yanayi nawa na shekara? Bayanan da suka kai shekara nawa za a karɓa? Jihohi da yawa kan tsaya tsakanin shekara biyar zuwa goma. Idan an ɗebi samfur uku a wuri guda rana guda, uku ne ko ɗaya? Idan ɗakin gwaji ya ce abin ya yi ƙanƙantar da na'ura ba ta gani, wace lamba za a rubuta? Bayanan wa za a yarda da su, kuma da wane sharaɗi?

Ka kuma tuna cewa mizani ba lamba ɗaya ba ce. Ƙafa uku gare shi: yawan abin, tsawon lokacin da ake ɗaukar matsakaicinsa, da sau nawa aka yarda a ƙetare. Ga sinadarai masu guba, EPA na da mizani biyu domin halittun ruwa: na kisan gaggawa, wanda galibi matsakaicin awa ɗaya ne, da na cutarwa a hankali, matsakaicin kwana huɗu. Dukansu ba a yarda a ƙetare su fiye da sau ɗaya cikin shekara uku ba. Wanda ya ɗauki lambar kawai ya bar sauran ƙafafu biyun ya karanta sulusin doka ne.

Tare da wannan takarda akwai ta tabbatar da inganci: wa zai ɗebi ruwa, da wace na'ura, wane ɗakin gwaji, wace hanyar gwaji, kuma mene ne ƙaramin adadin da hanyar ke iya gani. Wannan na ƙarshen kan kayar da mutane. In mizani ya fi abin da na'urar ɗakin gwajin ke iya gani ƙanƙanta, "ba a gani ba" ba ya nufin babu.

Mataki na 3: Tattaro abin da ke akwai

Ƙa'idar tarayya ta wajabta wa jiha ta tattara ta kuma duba duk bayanan da ake da su waɗanda samunsu ba wuya: na Hukumar Binciken Ƙasa, wato USGS, na jami'o'i, na kamfanonin ruwan sha, rahotannin masu lasisi, na 'yan sa kai, da labaran mutuwar kifi ko rufe wurin wanka. Dubawa dole ce, amincewa kuwa sai an tace. Bayanin da ba shi da kwanan wata, ko wuri takamaimai, ko hanyar gwaji, ba ya isa hukunci, amma yana nuna maka inda za ka je. Duk wanda ka ajiye gefe, rubuta dalili.

Mataki na 4: Taka gaɓar da ƙafarka

Gani ya kori ji. Taswira ba za ta nuna maka bututun da ke ɓoye cikin ciyawa ba, ko mashigar da shanu suka tattake, ko gaɓar da ke zaftarewa. Ka bi yankin, ka ɗauki hoto, ka rubuta lambobin GPS na duk abin da ke shiga kogin.

Daga nan ka zaɓi tashoshi. Ana son tashar da ke wakiltar yankin, inda ruwa ke gudu kuma ya gauraya sosai, ba lungun da ya kwanta ba. Idan akwai bututu, sa tasha ɗaya a samansa, ɗaya a gangare, amma ta gangaren ta wuce inda ruwan bututun ke gaurayewa da na kogi, domin dokokin jihohi da yawa sun ware wannan ɗan wuri. Ruwan rafin da ya shigo babban kogi kan daɗe yana bin gefe guda kafin ya haɗe. In ka ratsa faɗin kogin da na'urar auna gishirin ruwa ka ga lamba tana canzawa daga gaɓa zuwa gaɓa, ba a gauraya ba tukuna, sai ka ƙara gangarawa. Ka nemi kuma kogin kwatance, mai irin ƙasa da girma da gangara ɗaya da naka, wanda hannun mutum bai taɓa shi sosai ba. Za ka buƙace shi nan gaba.

Gada tana da daɗin aiki, shi ya sa tashoshi da yawa suke kanta. Amma ruwan titi a nan yake zuba, tsuntsaye kuma a ƙarƙashinta suke kwana suna kashi. In babu makawa, ɗebi daga ɓangaren da ruwa ke tahowa.

Mataki na 5: Lokaci

Kogi da asuba daban, kogi da la'asar daban. Oksijin da ke narke a ruwa ne ya fi nuna haka. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin, har ruwan ya cika ya batse. Da dare sun daina fitarwa amma suna ci gaba da shaƙa, tare da ƙwayoyin da ke ruɓar da datti. Saboda haka oksijin kan kai ƙasa-ƙasansa daf da fitowar rana. Ma'aikacin da ke isa bakin kogi ƙarfe biyu na rana kullum zai iya rubuta miligiram 11 a lita shekara guda cur, alhali kifi na haki a saman ruwa kowace asuba. Hasali ma, lamba mai yawan gaske da rana alama ce ta matsala: taki ya yi wa ruwan yawa. Haka pH yake hawa da rana ya sauka da dare, saboda dalili guda. Mafita ita ce na'urar da ake ɗaurewa a cikin ruwa tana auna kowane minti 15 na kwanaki. In babu, a je da asuba.

Zafi ma yana da hannu. A daidai tsayin teku, ruwa mai digiri 20 na Salshiyas yana iya riƙe kusan miligiram 9.1 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.6 kacal. Jihohi da yawa sun sa miligiram 5 a matsayin iyakar ƙasa ga kifin ruwan ɗumi, ka ga ke nan a tsakiyar zafi tazarar ba ta da yawa.

Sai yawan ruwan da ke gudu, wanda ke faɗa maka daga ina matsala take. Abin da ke fitowa daga bututu ya fi kauri lokacin da kogi ya ja, domin babu ruwan da zai tsarma shi. Abin da ke gangarowa daga gonaki da tituna, irin su laka, taki da ƙwayoyin cutar kashi, ya fi yawa bayan ruwan sama. Wanda ya ɗebi samfur a rani kaɗai ya wanke gonaki, wanda ya ɗeba bayan hadari kaɗai ya wanke bututu. Tsara ranakun fita tun farkon shekara, su ratsa duka yanayin, kuma kada a fasa don sama ta yi baƙi, sai dai in akwai haɗari ga rai. Kowace fita a rubuta yawan ruwan, ko daga tashar USGS mafi kusa, ko a auna faɗi da zurfi da gudu. A ruwa marar zurfi ana auna gudun ne a kashi shida cikin goma na zurfin, in an ƙirga daga sama.

Mataki na 6: Ɗibar ruwan

Tun kafin a bar ofis ake daidaita na'urori: na pH da ruwan gwaji mai lamba 4, 7 da 10, na oksijin da iska mai jiƙe da tururi. A sake duba su da yamma. In na'ura ta kauce, bayanan ranar duk sai an yi musu alama.

A bakin kogi, rubuta lambar tasha da kwanan wata da lokaci a jikin kwalba tun tana busasshiya, domin alƙalami ba ya kama jiƙaƙƙiyar roba. Sa safar hannu marar hoda. Shiga ruwan daga gangare, ka taka a hankali zuwa inda ya fi gudu, ka fuskanci inda yake tahowa, ka tsaya cik har lakar da ƙafarka ta tayar ta wuce bayanka. Sannan ka buɗe kwalbar, kada yatsa ya taɓa cikin murfin, kada kuma ka ajiye shi a kan dutse. Kifa bakin kwalbar ƙasa, ka nutsa ta ƙarƙashin fatar ruwan, ka juya bakin ya fuskanci ruwan da ke zuwa. Kada ta kwashi kumfar sama, kada ta taɓa ƙasa. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ba a ɗauraye ta, kuma ana barin ɗan fili a wuyanta domin a iya girgizawa a ɗakin gwaji. In ana zaton akwai kulorin a ruwan, kamar gangaren matatar ruwan ƙazanta, a yi amfani da kwalba mai sinadarin kashe kulorin, in ba haka ba zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya ka samu lamba ta ƙarya. Game da shiga ruwa, ma'aikatan USGS na da ƙa'ida: in ka ninka zurfi a ƙafa da gudu a ƙafa cikin daƙiƙa ya kai 10, kada ka shiga.

Zafi, pH da oksijin a nan take ake auna su, ko cikin minti 15. Sauran kowanne da wa'adinsa. Samfurin ƙwayoyin cuta a sa shi cikin ƙanƙara, a fara gwajinsa cikin awa 8. Na auna oksijin da datti ke cinyewa, da na naitiret, da na duhun ruwa, awa 48. Na lakar da ke yawo a ruwa, kwana 7. Na jimillar fosfaras, in an ɗiga masa asid, kwana 28. Na ƙarafa ana sauke pH ɗinsa ƙasa da 2 da asid, ya kai wata shida, ban da zaiba da ke da kwana 28. Mizanin yawancin ƙarafa a kan narkakken ɓangare yake, don haka ana tace ruwan da matata mai ƙofar maikiromita 0.45 kafin a sa asid. Wanda ya sa asid kafin tacewa ya narkar da ƙarfen da ke jikin laka, ya ƙirƙiro gurɓacewar da babu. Don ƙarafa masu ƙanƙantar gaske, mutum biyu ne ke aikin: ɗaya ba ya taɓa komai sai kwalbar da jakarta ta ciki, ɗayan ke taɓa kular ƙanƙara da igiya da sauran tarkace.

Abu biyu da bai kamata a yi rowarsu ba. Na farko, kwalbar da aka cika da tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji a bakin kogi, aka bi da ita duk hanyar da sauran suka bi. In aka samu dalma a cikinta, daga hannunku ko kayanku take, ba daga kogi ba. Na biyu, samfur tagwaye daga wuri guda, kamar ɗaya cikin kowane goma, don a ga ko aikin yana maimaituwa. Sai takardar miƙa hannu: duk wanda kula ta bi ta hannunsa ya sa hannu da lokaci. Ranar da aka je kotu, ita lauya zai fara nema.

Mataki na 7: Ɗaga duwatsun

Kwalba tana ba da labarin minti ɗaya ne. Ƙwarin da ke zaune a ƙasan kogi kuwa sun kwana a ciki watanni, wasu shekara ɗaya ko biyu, kuma ba su da inda za su gudu. In wani ya saki guba tsakar dare wata uku da suka wuce, ruwan ya tafi da shaidar, amma ƙwarin da suka ɓace ba su dawo ba.

A nemi inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa. A kafa koma mai ƙofar maikiromita 500, bakinta na fuskantar ruwa. A goge manyan duwatsun da ke gabanta da hannu, sannan a tattake tsakuwar da ƙafa, ruwa ya kwashi abin da ya fito ya zuba a koma. A juye a farin faranti a duba, a zuba a kwalba da barasar adana samfur, a kai ɗakin gwaji inda za a ware adadi tsayayye, kamar 200 ko 300, a tantance jinsinsu. Dangin ƙwari uku ake fara nema, Ephemeroptera, Plecoptera da Trichoptera, waɗanda ake taƙaitawa da EPT, domin yawancinsu ba sa jure datti. In faranti ya cika da jajayen tsutsotsi da matsattsaku, EPT kuwa sai ɗaiɗai, akwai magana. Ana haɗa irin waɗannan alamomi a fitar da maki guda, tsarin da masani James Karr ya gabatar a 1981 da kifi, sannan a kwatanta da makin kogin kwatance. A yi aikin a yanayin shekarar da aka gina mizanin a kansa, kuma ba daf da wucewar ambaliya ba, domin ta share wurin. A ba mazaunin maki shi ma: inuwar bishiyoyi, ƙarfin gaɓa, da yadda laka ta binne tsakuwa.

Don amfanin cin kifi, naman kifin ake gwadawa. Zaiba kan yi ƙaranci a ruwa amma ta taru a jikin manyan kifaye masu cin 'yan uwansu. Mizanin EPA na 2001 shi ne miligiram 0.3 a kilon naman kifi.

Mataki na 8: Lissafi

Fara da tacewa: cire ko yi wa alama duk samfurin da ya wuce wa'adi, ko ya iso babu sanyi, ko kwalbar gwajin tsabta ta fallasa shi. Lambar da ta yi tsalle sama ba a share ta don kawai ta yi yawa. A koma littafin fita, wataƙila ranar aka yi ruwan sama, kuma ita ce lamba mafi gaskiya a cikinsu.

Ɗauki ƙwayar cutar E. coli, wadda ake aunawa a matsayin alamar kashi ya shiga ruwa. Mizanin EPA na 2012 ya ba da zaɓi biyu, wanda aka fi sani shi ne: cikin kwana 30, matsakaici na ninkawa kada ya wuce 126 a mililita 100, sannan kada fiye da kashi 10 cikin ɗari na samfura su wuce 410. A ce ka samu 30, 50, 60, 90 da 2,000. In ka tara ka raba biyar za ka samu 446, ka ce kogi ya lalace. Amma ba haka ake yi ba. Ana ninka su duka ne a ɗauki saiwa ta biyar, abin da zai ba da kusan 110, ƙasa da 126. Kafin ka yi murna, duba sharaɗi na biyu: ɗaya cikin biyar ya wuce 410, wato kashi 20. Ya ci na farko, ya faɗi na biyu, kuma biyun ake buƙata.

Wasu mizanan sai an lissafa su ga kowane samfur. Gubar dalma da tutiya da kadmiyam tana raguwa in ruwan yana da yawan sinadarin alli, don haka dole a auna wannan tare da su. Gubar amoniya tana ƙaruwa da pH da zafi: a mizanin 2013, in pH 7 ne zafi kuma digiri 20, iyakar gaggawa miligiram 17 ce a lita, ta a hankali 1.9, kuma suna sauka in pH ya hau. Samfurin amoniya da ba a auna pH tare da shi ba kusan asara ne.

Ga abubuwa irin su oksijin da pH, an daɗe ana amfani da ƙa'idar kashi 10: in fiye da kashi 10 na samfura sun karya mizani, akwai tawaya. Sauƙinta ne ya sa ake sonta, amma tana da rami in samfura kaɗan ne. Ka ɗauka kogi yana daidai kan iyaka, yana ƙetarewa kashi 10 na lokaci. In ka ɗebi samfur goma, yiwuwar ka samu biyu ko fiye da suka ƙetare ya kai kusan kashi 26 cikin ɗari, sa'a ce kawai. Wannan ne ya sa jihar Fulorida ta fito da ƙa'ida a 2001 mai amfani da lissafin yiwuwa: jerin zargi na buƙatar aƙalla samfur 10, jerin tabbaci 20, kuma cikin 20 sai biyar sun ƙetare. Sai dai ita ma wannan hanya ba ta kuɓuta daga suka ba, don tana ɗora nauyin hujja a kan kogin: wanda ke ƙetarewa da gaske amma ba a auna shi sosai ba zai iya sulalewa. Ni dai ina ganin gyaran ba a dabarar lissafi yake ba, a ƙarin samfura yake. Kuma kada a ja ƙa'idar kashi 10 zuwa sinadarai masu guba, su nasu sau ɗaya ne cikin shekara uku.

Idan sinadarai sun ce lafiya ƙwari sun ce a'a fa? Manufar EPA tun 1991 ita ce kowace shaida tana tsayuwa da kanta: ɗaya in ta nuna tawaya, sauran ba sa goge ta. Tarayyar Turai ma, a dokar ruwanta ta 2000, tana ba ruwa matsayin ɓangarensa mafi rauni ne.

Mataki na 9: Nemo musabbabi

Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kullum mutum ne ya tsamar da shi ba. Kogunan da ke fitowa daga fadamun kudu maso gabashin Amurka, masu ruwa launin shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, haka Allah ya yi su da ƙarancin pH da oksijin. Wasu duwatsu kan saki ƙarfe da kansu. A nan kogin kwatance ke amfani: in shi ma yana karya mizanin alhali ba kowa a kansa, mai yiwuwa mizanin ne bai dace da wurin ba, kuma gyaransa ta hanyar doka ake yi, ba ta kawar da kai ba.

In na mutum ne, jera duk abin da ake zargi ka bi su ɗaya-ɗaya. Abin yana nan a inda ƙwarin suka ragu, kuma babu shi a sama? Ya riga lalacewar zuwa? Yawansa ya kai ya yi illa? Ka bambance gurɓataccen abu, kamar laka ko taki ko zafi, da canjin da ba zuba wani abu aka yi ba, kamar madatsar da ta rage ruwa ko kogin da aka miƙar aka shafe da siminti. Rashin bututu ba ya hana shiga jeri: a shari'ar Kogin Garcia na Kalifoniya, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar a 2002 cewa kogin da laka daga ƙasa kaɗai ta lalata shi ma ana yi masa TMDL.

Mataki na 10: Rukuni, jama'a, da sa hannu

Kowane yanki zai faɗa ɗaya daga rukuni biyar. Na 1, duk amfaninsa sun cika. Na 2, waɗanda aka auna sun cika, sauran ba a auna ba. Na 3, bayanai ba su isa a ce komai ba. Na 4, akwai tawaya amma ba a buƙatar sabon TMDL: ko an riga an yi, ko wasu matakan doka za su gyara cikin lokaci mai ma'ana, ko ba gurɓataccen abu ne musabbabi ba. Na 5 shi ne jerin 303(d) kansa. In ƙwari sun tabbatar da tawaya amma ba a gano musabbabin ba, matsayin EPA shi ne a sa a na 5, sai in an nuna ba gurɓataccen abu ba ne.

Rukuni na 3 ba abin kunya ba ne, amsa ce ta gaskiya. Abin kunyar shi ne a mayar da shi ma'ajiya, kogi ya shekara goma a ciki ba wanda ya koma. Duk yankin da aka sa a nan da alamar zargi, a rubuta masa ranar komawa da abin da za a auna.

Ga kowane yanki a rubuta takarda guda: amfanin da ya tawaya, abin da ya jawo, tashoshi, kwanakin samfura, nawa aka ɗeba, nawa suka ƙetare, waɗanne aka ajiye gefe da dalili. Ana son baƙon da bai san kogin ba ya ɗauki takardar ya maimaita lissafin ya isa inda ka isa. Sannan a fitar da daftarin jerin domin jin ra'ayin jama'a, a amsa ƙorafe-ƙorafe a rubuce. Sau da yawa a nan ne wani kamfanin ruwa ko ƙungiyar 'yan sa kai ke fito da bayanan da ba a san da su ba, kuma in sun cika sharuɗɗan mataki na 2, dole a sake lissafi da su. Bayan an miƙa, EPA na da kwana 30 ta amince ko ta ƙi, in ta ƙi kuma tana da wasu kwana 30 ta ƙara ruwayen da take ganin an bari.

Fitar da suna daga jeri ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili: sababbin bayanai da ke nuna mizani ya cika, ko kuskuren da aka gano a binciken farko, ko canjin mizanin kansa, ko an amince da TMDL, wanda ke mayar da yankin rukuni na 4 amma bai ce ya warke ba. Sababbin bayanan su fito daga tashoshin da aka yi amfani da su da farko, a irin yanayin da matsalar ta bayyana. Kogin da aka sa a jeri saboda oksijin asubar lokacin zafi ba a fitar da shi da awon la'asar na lokacin sanyi.